Sare Bishiya da Injin Zarto: Inda Haɗarin Yake da Yadda Ake Kayar da Ita Lafiya

Maɗacin da mutum biyu za su wuni suna sara da gatari, injin zarto mai fetur zai kwantar da shi cikin 'yan mintuna. Saurin nan ne ya kai injin ko'ina: wurin masu katako a dazukan Taraba da kudancin Kaduna da jihar Neja, wurin masu gawayi da masu itacen girki, har da masu rage rassan darbejiya a cikin unguwa. Saurin ne kuma ke hana mutum damar gyara kuskure. Mai gatari yana jin kukan itace tun da wuri, yana ganin bishiya ta fara rinjaya. Mai inji kuwa kunnensa cike yake da ƙara, idonsa na kan yanka, sarƙar da ke gabansa tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya.

Abu biyu ke raunata mai sara, sarƙa da bishiya. Sarƙa ta fi yawan yanka mutum, amma bishiya ta fi kisa. Kuma abin da ke juya bishiya zuwa inda ake so ba ƙarfin inji ba ne, ba kuma ƙarfin masu jan igiya ba. Ɗan itacen da aka bari ba a yanke ba ne, tsakanin yankan gaba da na baya. Wanda ya fahimci wannan ya kama rabin sana'ar, shi ya sa za a fi daɗewa a kansa a nan.

Injin tukuna

Dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai za mu kira shi takobi, ƙarshensa mai lanƙwasa kuma hanci. Wurin da ya fi kowane haɗari a jikin injin shi ne rabin hancin na sama. Idan sarƙa tana gudu wannan wuri ya taɓa reshe, ko dutse, ko wani gungume da ke ɓoye a baya, haƙori ɗaya kan cije ya kasa yanka, sai ƙarfin injin ya wurgo takobin sama da baya, daidai fuska da kafaɗar mai riƙe da shi. Wannan shi ne harbin inji. Yana faruwa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, babu mai zafin naman da zai kauce masa. Maganinsa shi ne a hana shi faruwa: kullum ka san inda hancin yake, ka riƙe inji da hannu biyu, hagu a mariƙin gaba, dama a na baya, babban yatsan hagu ya zagaye ƙarfen ta ƙasa. Kada ka ɗora kanka a kan layin takobi, ka ɗan goce hagu. Ko bahago haka zai riƙe, domin an ƙera injin ne a kan wannan riƙon. Kada ka yi yanka sama da kafaɗarka, kada ka hau tsani da inji, kada ka riƙe reshe da hannu ɗaya kana yanka da ɗayan.

Farantin da ke gaban hannun hagu birkin sarƙa ne. In aka tura shi gaba, ko harbi ya girgiza shi, yana tsayar da sarƙa nan take. Ka gwada shi kowace safiya: tada inji, ba shi wuta, tura birkin da bayan hannu ba tare da sakin riƙo ba. In sarƙar ba ta tsaya cak ba, injin na makaniki ne, ba na daji ba. A nan akwai matsala ta gaske, domin babban injin Stihl 070 da masu tsaga katako suka fi so a Najeriya da Gana tsohon ƙira ne, galibinsa ba shi da wannan birki, ga nauyin da ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura takobi ba. Yana da ƙarfi wajen tsaga gungume, amma bai dace da datse rassa ba. Wanda ke da hali ya nemi matsakaicin inji mai birki domin sara da datsa.

Sauran dubawa ba ta cin minti goma. Sarƙa ta kwanta a ƙasan takobi ba ta reto, amma ka iya jan ta da hannu mai safa tana tafiya. In inji na kunne ba a ba shi wuta ba, sarƙa ba za ta motsa ba. In tana tafiya, a gyara silo ko kuloci. Ɗan ƙarfen da ke ƙasa mai tare sarƙa in ta tsinke ya kasance yana nan. A nuna hancin ga sabon kututture a ba da wuta: in ba a ga layin mai ya fantsama ba, mai ba ya isa ga sarƙa. Baƙin man da aka juye daga mota, wanda da yawa ke zubawa don araha, yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da ke cinye famfon mai da takobi, kuma ba abin da ya dace ya riƙa fantsamar fata kullum ba ne. Fetur kuwa ana gauraya shi da man injin mai bugu biyu, wato 2T: ga injunan zamani da mai mai kyau, mililita 100 a lita 5, wato ɗaya cikin hamsin. In littafin injinka ya faɗi wani ma'auni, bi nasa. A kashe inji kafin a zuba, a matsa aƙalla mita 3 daga wurin kafin a tada, musamman da hunturu lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau.

Wajen tadawa, ajiye inji a ƙasa, sa birki, taka mariƙin baya da ƙafar dama, danne na gaba da hannun hagu, sannan ka ja igiya. Wurga inji ƙasa da hannu ɗaya ana jan igiya da ɗayan, yadda ake yawan gani, hanya ce ta kai takobi cinya.

Dakusasshiyar sarƙa ta fi mai kaifi haɗari, domin tana sa mutum ya danna da ƙarfi, ya gaji, yanka ya karkace. Alamarta a fili take: mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya-manya, dakusasshiya tana fitar da gari. Ana wasa haƙoran da zagayayyen magagari a kan digiri 30, daga ciki zuwa waje, kowane haƙori bugu daidai da na ɗan'uwansa. Sarƙa mai lambar girma .325 tana son magagari mai milimita 4.8, babba mai lamba .404 kuma 5.5. A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu da ke iyakance zurfin cizo, kuma ya kamata ya gaza haƙorin da kusan milimita 0.65 a matsakaiciyar sarƙa, 0.8 a babba. Masu goge wannan tudun gaba ɗaya don inji ya riƙa ci da sauri suna sayen harbi ne da hannunsu. Ƙirya da marke suna da tauri, ɓawon bishiyar bakin hanya kuma cike yake da yashi da ƙusoshin allunan talla, don haka a kankare ɓawon inda za a yanka, a riƙa taɓa sarƙa da magagari duk zubin mai.

Sutura: hular kwano, tabarau ko ragar fuska, abin toshe kunne domin ƙarar ta haura desibel 100 kuma kurumtar da take jawowa ba ta warkewa, safar hannu, takalmi mai ƙarfe a baki. Akwai wando na musamman mai zaruruwa a ciki, waɗanda ke fita su cushe injin su tsayar da sarƙa in ta taɓa shi. Yana da zafi, yana da tsada, amma ƙafar hagu ce ke yawan karɓar yanka. Silifas, doguwar riga mai reto, rawani ko mayafi mai jela, duk a bar su gida. Kuma wanda ya sha ƙwaya don kada ya ji gajiya bai dace ya riƙe inji ba. Gajiyar ita ce ke gaya wa mutum ya tsaya.

Kafin a taɓa bishiyar

Izini na farko. A jihohin Najeriya akwai ma'aikatun gandun daji da ke ba da takardar sara, a Nijar dokar daji ta 2004 ta kare irin su gawo, a Gana tun 1998 aka haramta tsaga katakon sayarwa da injin zarto, maɗobiya kuma tun 2017 cinikinta zuwa ƙasashen waje ke ƙarƙashin takunkumin yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa. Tambayi malamin daji kafin ka loda inji.

Sai karatun bishiya, wanda yake farawa daga sama. Zagaya ta sau biyu kanka a ɗage. Nemi busasshen reshe, ko karyayyen da ya rataye a cikin ganye, domin girgizar inji da bugun weji (abu mai siririn baki da ake korawa cikin yanka don ya buɗe shi) suna sako shi, kuma reshe mai kaurin cinya daga tsayin mita 10 ya isa ya kashe mutum. Duba amya ko kogon zuma. Ƙarar inji tana tayar da ƙudan zuma, kuma ba a gudu da inji a hannu bishiya rabi a yanke. Duba ko rassanta sun sarƙe da na maƙwabciya, ko kurangar daji ta ɗaure su tare. Duba wayar lantarki. In waya tana cikin nisan da bishiya ko reshenta zai iya kaiwa, aikin ya tsaya sai kamfanin wuta ya kashe layin, KEDCO ne, ko na Kaduna, ko NIGELEC. Ɗauke wuta ba kashe layi ba ne, ana iya dawo da ita kowane lokaci, kuma ɗanyen itace yana ɗaukar wuta.

Sannan karkata. Ido kaɗai yana ruɗi, musamman a gangare. Ɗaura dutse a zare, ja da baya, ɗaga zaren ya daidaita da gindin bishiyar, ka ga ta wane ɓangare yawancin rassa suka faɗo. Yi haka daga wuri biyu, gaba da gefe. Nauyin rassa ya fi karkatar gangar jiki muhimmanci: darbejiya kan tsaya miƙe amma duk manyan rassanta suna gefe ɗaya. Sai iska. In tana kaɗa kan bishiya sosai, ko hadari ya haɗo, a bari. Da sassafe bayan asuba zuwa hantsi iska ta fi kwanciya, jiki ma bai gaji ba.

Daga nan ka sauko gindi. Buga shi da bayan gatari ta ko'ina. Itace mai lafiya yana amsawa da tauri, mai kogo yana ƙara kamar ganga. Ƙasar gara a jikin ɓawo, naman kaza a gindi, tsohon tabon gobara, tsagewa a tsaye, duk suna nuna cikin ya lalace.

Auna biyu za ka yi. Na kauri: zagaya igiya a gindin daidai ƙirji, auna ta, raba uku da ɗan ɗoriya. In ta ba da santimita 157, kaurin bishiyar 50 ne. Na tsawo: sami sanda mai tsawon hannunka daga ido zuwa tafi, riƙe ta a tsaye hannu a miƙe, ja da baya har kan sandar ya dace da ƙololuwar bishiya, hannunka kuma ya dace da gindinta. Inda ka tsaya, kusan nan kanta zai sauka. Ninka wannan nisa biyu, ta kowace fuska: ba yaro, ba ɗan kallo, ba dabba, ba babur a ciki. Bishiya mai mita 15 tana son fili na mita 30. Wannan ƙa'ida ta ninki biyu tana cikin dokar aikin katako ta hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka, dalilinta kuma shi ne bishiya kan bugi wata ta kayar, rassa kuma kan yi tsalle. A cikin gari sai an sa mutum a kowane lungu yana tare hanya. A yi alama da usur, domin murya ba ta keta ƙarar inji. Kuma ba a zuwa sara mutum ɗaya.

Da adda ka share gindin, ka share hanyoyin gudu biyu. Ba a gudu kai tsaye bayan bishiya, saboda gindi kan zamo baya, ba a kuma gudu gefe sak. Hanyar tana bayan bishiya a karkace, digiri 45 daga layin baya, ɗaya dama ɗaya hagu, tsawon aƙalla mita 6. Taka ta da ƙafarka ka tabbata ba kututture, ba rami, ba galan ɗin fetur.

Baki, mariƙi da yankan baya

A ɗauki darbejiya mai kaurin santimita 50, tsawo mita 15, mai lafiya, tsaye ko da 'yar karkata zuwa inda ake so.

Mataki na farko shi ne baki, wato yankin itacen da ake cirewa da yanka biyu a gefen da za ta faɗi, ƙasa da gwiwa. A jikin yawancin injuna akwai layi da aka zana ya gitta takobi; in ka saita shi ga inda kake so ta sauka, bakin zai kalli can. Fara da yankan sama, a gangare sosai, kamar digiri 60 zuwa 70, har zurfin ya kai kashi ɗaya cikin biyar na kaurin, wato santimita 10, ko 12 in ya yi yawa. Sannan yankan ƙasa a kwance. Amfanin fara na sama shi ne kana leƙawa ta cikinsa ka ga lokacin da sarƙa ta iso. Dole yankan biyu su haɗu a layi ɗaya daga gefe zuwa gefe. In na ƙasa ya zarce ciki, ka riga ka yanke abin da zai riƙe bishiyar ba ka sani ba: tana fara tafiya siririn yankan zai rufe, ta tsaya, ko ta tsage, ko ta juya. In hakan ta faru, ƙara buɗe bakin har su haɗu. Zurfafa baki zuwa rabin bishiya, yadda wasu ke yi, yana sa ta tafi tun ba a shirya ba, kuma ba ya barin wurin weji.

Me ya sa ake son baki mai faɗi? Muddin bakin bai rufe ba, bishiya tana tafiya a kan hanyar da aka tsara mata. Ƙaramin baki na digiri 45 yana rufewa tana tsakiyar faɗuwa, sai ta ɓalle daga kututture ta ƙarasa yadda ta ga dama. Mai digiri 70 yana riƙe ta har ta kusa ƙasa.

Mataki na biyu, kafin ka sake ba da wuta, zana mariƙi a jikin ɓawo da gawayi ko bakin adda, a gefe biyu. Mariƙi shi ne itacen da zai rage bayan layin baki, wanda bishiya za ta juya a kansa yadda ƙyaure ke juyawa a jikin ƙofa. Kaurinsa kashi ɗaya cikin goma na kaurin bishiya, a nan santimita 5. Tsawonsa daga gefe zuwa gefe kusan kashi 80 cikin ɗari, a nan santimita 40, kuma baki mai zurfin 10 shi ke ba da wannan tsawo daidai. Kaurin ya zama ɗaya a gefe biyu; in wani gefe ya fi, bishiya za ta ja zuwa can. In ya yi siriri, zai tsinke da wuri. In ya yi kauri, ba za ta faɗi ba, ko ta tsage.

Mataki na uku yankan baya, a kwance sak, daidai layin baki ko sama da shi da santimita 2 zuwa 3. In bakin ƙarami ne, a ɗaga zuwa 5, domin ɗan matakin da zai rage ya tare gindi kada ya zamo baya. Ba a yin sa ƙasa da baki. Yankan baya a gangare daga sama, wanda mutane da yawa ke yi da tunanin zai hana ta komawa baya, ba ya hana komai. Yana raunana mariƙi, yana hana weji aiki, in kuma bishiyar ta zauna baya sai gindin ya sulɓe a kan gangaren.

Da zarar takobi ya shige ya bar wuri a bayansa, sa weji ka buga shi ya kama. Weji na roba mai tauri, ko na alminiyam, ko na ƙirya da aka fafe. Na baƙin ƙarfe yana farfasa sarƙa in ta taɓa shi. Ci gaba da yanka kana leƙa gefe biyu, kana ɗaga kai lokaci-lokaci. Da ka kai zanen, tsaya. Nan ne hannu ke ƙaiƙayi, musamman in bishiyar ta ƙi motsi, sai mutum ya ce bari ya ƙara kaɗan. Kada ka ƙara. Zare takobi, kashe inji, busa usur, ka kora ta da weji da guduma, kana dakatawa tsakanin bugu kana kallon sama. Weji ba ƙaramin abu ba ne: a wannan bishiya, ɗaga bayanta da santimita 2.5 yana matsar da kanta kusan mita ɗaya. In karkatarta ta baya ta fi haka, weji ɗaya ba zai isa ba, sai a haɗa biyu ko a nemi igiya tun kafin a fara.

Yankan baya ya fara buɗewa, tafi. Ajiye injin in zai hana ka sauri, bi hanyar da ka share, kana waiwayen bishiyar. Bayan ta faɗi ka jira ganye ya daina motsi, ka duba sama kafin ka koma, domin karyayyun rassa kan biyo baya.

Wadda ta karkata gaba sosai

Ita ce ake rainawa, ana ganin ai ta riga ta nuna hanya. Amma bayanta a ɗaure yake tamau. In aka shiga da yankan baya na kullum, sai ta fara faɗuwa tun mariƙi yana da kauri, gangar jikin ta tsage a tsaye, rabin baya ya yi sama da ƙarfi daidai inda haɓar mai yanka take, sannan gungumen ya faɗo daga can. Bishiyar turare ta shahara da wannan tsagewa.

Maganinsa huda. Bayan an yi baki, ana soka takobi ta gefen bishiya a bayan zanen mariƙi. Ba a sokawa kai tsaye da hanci, harbi ke nan. Ba da wuta sosai, fara da ƙasan hancin, bari ya ci har zurfin ya kai faɗin takobi, sannan ka juya injin a hankali ya miƙe, ka tura ya ratsa. Fara hudar nesa kaɗan da zanen, ka matso a hankali har mariƙi ya tsaya a kaurinsa. Daga nan ka yanka zuwa baya, ka bar wani ɗan itace a can ƙarshe, shi ma kamar kashi ɗaya cikin goma. Yanzu bishiyar tana tsaye a kan abu biyu, kana da lokacin zare inji, duba fili, busa usur. Sai ka tsaya a gefe ka datse na bayan daga waje, ka kama hanyarka. Wannan dabara ita ce kuma ake bi in bishiya ta fi takobi kauri, a huda ta gefe biyu. A koye ta a kan gungumen da ke kwance, gaban wanda ya iya, kafin a kai ta ga tsayayyiyar bishiya.

Mai kogo ko wadda gara ta ci, mariƙinta sai an bar shi da kauri, kuma a inda itacen ke da lafiya. Wani lokaci ɗaga yankan sama kaɗan yana kai wa ga itace mai kyau. In ɓarɓashi ya koma baƙi ko jiƙaƙƙe, ko inji ya faɗa ciki babu turjiya, dakata ka sake lissafi. Busasshiya mariƙinta ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, bugun weji kuma na iya karyo kanta. Rimi mai manyan fukafukai a gindi ana rage na gefe kafin a yi baki, in cikinsa lafiya yake, a bar na baya ya riƙe. Giginya ƙarfinta yana ɓawon waje, cikinta taushi ne, ga 'ya'ya masu nauyi a sama.

In za a sa igiya, a ɗaura ta sama da rabin tsawo tun kafin a fara yanka, masu ja su tsaya bayan ninki biyun nan, kada kowa ya naɗa ta a hannu. Ba a ja da ƙarfi sai mariƙi ya kammala. Fizga da mota tun yanka bai kai ba yana tsaga bishiya. Wadda kuwa ta rinjaya kan ɗaki ko katanga, ba wurin kwantar da ita, aikin masu hawa ne da ɗamara da igiya su sauke ta gunduwa-gunduwa. Wanda bai koyi wannan ba ya ce a'a ko nawa aka ba shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In ta maƙale, da bayan ta kwanta

Bishiyar da ta faɗa kan wata ta rataye tana iya saukowa kowane lokaci. Ba a shiga ƙarƙashinta, ba a hawanta, ba a sare wadda ta tare ta, ba a kayar da ta uku a kanta, ba a kuma guntule gindinta kaɗan-kaɗan. Ana rage mariƙin a bar ɗan gefe ɗaya, a murɗa ta da doguwar sanda a tura ta nesa da jiki, ko a ɗaura gindin a ja shi baya daga nesa da tarakta ko na'urar ja. In dare ya yi ba ta sauko ba, a kewaye wurin, a gaya wa mai unguwa da makiyaya. In kuma bishiya ta zauna baya ta danne takobi, kashe inji, buga weji. In ya ƙi, kwance injin daga takobin ka bar takobin a ciki. Ya fi rai araha.

Kwantacciyar bishiya ma ba ta gama ba. Fara datse rassa daga gindi zuwa sama, kana tsaye ta gefen tudu, gangar jikin tana tsakaninka da takobi in zai yiwu. Kada ka ɗaga ƙafa sarƙa tana gudu a gefenka, in za ka yi taku fiye da biyu sa birki. Rassan da ke ƙasa su ke ɗauke da nauyi, a bar su ƙarshe, a lura ta ina gungumen zai mirgina. Reshe ko ƙaramar bishiyar da aka danne ta lanƙwashe tana da ƙarfin karya muƙamuƙi. Ana sassaƙe ta kaɗan-kaɗan ta cikin lanƙwasar har ta saki, ba a datse ta ta waje lokaci ɗaya.

Wajen gunduwa, kowane gungume yana da gefen da ke matse da gefen da ke miƙe. A fara da na matse, kashi ɗaya cikin uku, a ƙarasa ta na miƙe. In gungumen ya hau abu biyu tsakiyarsa na reto, sama ne ke matse: fara sama, ƙarasa daga ƙasa. In kansa ɗaya ne ke reto, fara ƙasa, ƙarasa daga sama. Wadda guguwar damina ta tumɓuke da saiwa ta fi duka wuya, domin da an raba ta da gindi, tulin saiwa da ƙasa kan koma raminsa da ƙarfi. Leƙa ramin kafin ka yanka, yara suna son wasa a ciki.

In an yi rauni

Yankan sarƙa yaga ne mai faɗi, kuma in ya sami babbar jijiyar cinya jini na iya ƙarar da mutum cikin 'yan mintuna. Kayan ɗauri su kasance a aljihun mai yanka, ba a cikin mota ba. Kashe inji, kwantar da shi, cusa tsumma mai tsabta a ramin ka danna da dukkan ƙarfinka, kada ka ɗaga don leƙawa. In ya jiƙe ƙara wani a kai. In jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, ɗaura ƙyalle mai faɗin yatsu uku santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, sa sanda ka murɗa har jinin ya tsaya, ka rubuta lokacin, kada kuma a kwance sai a asibiti. Waya ko siririyar igiya ba ta yin wannan aiki. Kada a zuba fetur, baƙin mai, toka ko ƙasa. Yatsan da ya guntule a naɗe shi a tsumma mai ɗanshi, a sa a leda a ƙulle, a ɗora ledar a ruwan ƙanƙara a tafi da shi. Wanda reshe ya buga a kai ko a baya kada a ɗaga shi zaune ko a ɗora shi a babur. A riƙe kansa da wuyansa a miƙe, a ɗauke shi a kan faffaɗan katako. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, amma a daji sau da yawa ba sabis, don haka tun kafin a fara aiki a san asibiti mafi kusa, a juya mota ta kalli hanya, makulli a jiki. A asibiti a tuna musu da allurar tetanus, ko da yankan ƙarami ne.